Kakin mota mai tsada da mai araha: wanne ne ke iya wa ranar Gana da ƙurar hunturu?

Wani ƙanena da ke zaune a Mamobi ya fito da mota daga tashar jiragen ruwa ta Tema bara, baƙar Toyota Camry, irin baƙin nan da in an wanke shi kana iya gyara zaman hularka a jikin ƙofa. Bai yi wata biyu da fara hawanta ba, sai abokinsa da ke Bronx a can Amurka ya saƙalo masa tsaraba cikin durom ɗin kaya: wani ɗan gwangwani da bai fi kofin shayi girma ba, cike da kakin goge mota, wanda yaran wanki ke ce wa wakis. Takardar farashi na liƙe a gindinsa. Da muka juya dalolin zuwa sidi, sai muka ga kuɗin sun kusa sayen sababbin tayoyi biyu.

Wata Asabar ya fito tun bayan asuba, ya wanke motar da hannunsa, ya bi ta lungu-lungu yana shafawa yana gogewa har hantsi ya ɗaga. Gaskiya ta yi kyau. Baƙin ya yi zurfi kamar an zuba masa ruwa bai bushe ba, duk wanda ya wuce a layin sai ya waiwaya. Da aka yi yayyafi, ruwa ya riƙa taruwa ƙwaya-ƙwaya a kan bonet yana gangarowa, shi kuwa yana ta ɗaukar bidiyo yana tura wa mutane a WhatsApp.

Sati biyar bayan haka ya kira ni. "Yaya, anya ba jabu aka sayar wa mutumin nan ba? Abin fa ya tafi kwata-kwata."

Kakin na gaske ne, kuma ya yi iyakar aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai motar a ƙofar gida take kwana, a rana take wuni, kuma sau biyu a sati ake kai ta wurin wanki inda yaro zai barbaɗa garin sabulun wankin tufafi a bokiti, ya kaɗa har ya yi kumfa, ya bi ta da soso. Wannan shi ne rayuwar akasarin motocinmu daga Nima zuwa Ashaiman, daga Aboabo zuwa Tamale. To mai irin wannan mota, me ya kamata ya saya?

Abin da ake ƙoƙarin karewa

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai rufin hana tsatsa, sai firama, sai launi, sannan a can sama akwai wani fenti marar launi mai sheƙi wanda masu feshi ke kira kiliya. In ka haɗa hawan duka a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180, kiliyar ita kaɗai kuma wajen 35 zuwa 50. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, silin gashin kan mutum kuwa yakan kai wajen 70. Wato abin da ke tsakanin launin motarka da rana bai kai kaurin gashi ɗaya ba.

A cikin kiliyar nan ne kamfani ke zuba sinadaran da ke tare ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata yana koɗar da launi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja ya ga yadda take mutuwa: saman mota da bonet su yi fari-fari, daga baya su fara ɓarewa kamar maciji na saɓa. In abu ya kai nan, babu man da zai dawo da ita ko da nawa aka saye shi, sai dai a kai wa mai feshi. Kuma ranar da ka tashi sayar da motar, mai saye zai zagaya ta, ya karkata kai yana duban haske a jikin ƙofa, ya ce "an taɓa ta", ya zaftare kuɗi. A nan ne asarar gaske take.

Kakin da ake shafawa, bayan an goge, abin da ke saura a jikin mota bai kai maikiron ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya zama ɗan mayafi da datti, ruwa da kashin tsuntsu za su fara taɓawa kafin su isa ga kiliya, ya kuma sa datti ya yi sauƙin fita wajen wanki. Ba ya tare dutse, ba ya hana makulli ko madubin mai babur ya karce ƙofa.

A nan ya kamata a raba abu biyu da mu kan haɗa su a suna ɗaya. Folish daban, kaki daban. Folish yana da ɗan kaushi, yana kankare saman kiliya ne kaɗan don ya share ƙananan karce, shi ya sa mota ke sheƙi bayansa. Kaki ba ya kankarar komai, rufewa kawai yake yi. Saboda haka duk lokacin da yaro ya ce, "Alaji, in sa mata inji in yi mata folish?" ka ce to, ka sani an ɗebe wani abu daga ɗan siririn hawan nan, kuma ba ya tsirowa. Sau ɗaya a shekara ko shekara biyu a hannun wanda ya iya, babu laifi. Duk wata kuwa, kai da kanka kake kashe fentinka, musamman a gefe-gefen bonet da kan layukan jiki inda fentin ya fi siranta.

Daga ganyen Burazil zuwa gwangwanin dala dubu

Kusan duk kakin mota mai tsada da ka ji ana yabo, tushensa abu ɗaya ne, karnuba. Wata bishiya ce dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Burazil, a jihohi irin su Siyara da Piyawi, inda ake zafi da fari. Bishiyar na lulluɓe ganyenta da wani farin gari don kada rana ta shanye mata ruwa. Da rani ake yanko ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin, a narka, a tace. Wanda ya fi daraja shi ne mai launin ruwan ɗorawa, da ake samu daga sababbin ganyen da ba su buɗe ba.

Karnuba na cikin kakin da suka fi tauri a duniyar tsirrai. Sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salsiyus yake narkewa, alhali kakin zuma tun a wajen 62 zuwa 64 ya zama ruwa. Tsantsarsa kamar ɓarin kwalba yake, ba ya shafuwa, dole sai an sassauta shi da mai iri-iri da ruwan narkarwa. Don haka in ka ga an rubuta a gwangwani cewa karnuba ne ɗari bisa ɗari, ana nufin ba a haɗa shi da wani kakin ba, amma sauran abin da ke ciki mai ne da sinadarai.

Shi kansa karnuba ba kayan sarakuna ba ne. Da tan-tan ake cinikinsa. Shi ake shafa wa alewa da ƙwayoyin magani su yi sheƙi, yana cikin man goge takalmi da na goge daɓe. To me ya sa wani gwangwani zai kai kuɗin tayoyi? Akwai ingancin tacewa, akwai yawan karnuban da aka zuba, akwai man da aka haɗa shi da su da ƙamshi, akwai haɗin hannu kaɗan-kaɗan. Sauran kuɗin na suna ne da kyan mazubi. Kamfanin Swissvax na ƙasar Suwizalan yana da wani mai suna Crystal Rock da ake sayarwa fiye da dala dubu ɗaya, Zymöl na Amurka kuma yana da Royale da ke cin dubban daloli. Masu sayen waɗannan su ne masu tsofaffin motocin alfarma da ake kai wa gasar baje koli irin ta Pebble Beach a Kalifoniya, motar da ke kwana a ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin mayafi, ta fito sau 'yan kaɗan a shekara. Ga irin wannan mota, in kaki ya yi sati shida ya gama aikinsa, don ranar gasa kawai ake buƙatarsa.

Abokan gabarsa a nan

Ankara na kusa da tsakiyar duniya, tazarar ba ta kai digiri shida ba, saboda haka babu wani wata da rana ke hutawa. Baƙin bonet da ya wuni a fili yakan kai digiri 70 ko fiye, ga kuma zafin inji daga ƙasa. Ko da karnuban bai narke ba, man da aka sassauta shi da su suna yin laushi suna ƙafewa, ɗan mayafin yana ta sirancewa. Ko a ƙasashe masu sanyi, kakin karnuba wata ɗaya zuwa uku yake yi. A nan ka ɗauki ƙaramin adadin.

Sai sabulu. Garin wankin tufafi da ruwan wankin kwanuka an yi su ne don su narkar da maiƙo, kaki kuwa ɗan'uwan maiƙo ne. Wanki kaɗan ya ishe su su tafi da shi. Haka nan suna busar da robobin gefen gilas da baƙaƙen robobin bamba har su yi toka-toka. Na daɗe da lura cewa mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kan abin shafawa, amma bai taɓa tambayar abin da ake zubawa a bokitin wanki ba.

Amma wanda ya fi kowa ɓarna shi ne ƙura da ɗan tsummanmu na safe. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a zamanin da ƙaton tafki ne ya kwanta ya ƙafe. Ga kuma jar ƙurar hanyoyinmu da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, wadda ba ta san damina ko rani ba. A cikin ƙurar nan akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Da safe direba zai fito, ya ga mota ta yi buɗu-buɗu, ya ɗauki dasta ya bi ta a bushe, fes. Abin da ya yi bai da bambanci da goga mata takardar yashi mai laushi. Ka tsaya ka dubi baƙar mota da tsakar rana, za ka ga wasu siraran layuka suna zagaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Wannan aikin dasta ne da soson da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ci gaba. Babu kakin da ke hana wannan, mai tsada ko mai araha. Abin da kaki ke yi shi ne ya cike layukan na ɗan lokaci ya ɓoye su, in ya wanke su dawo.

Masu neman inuwa ma ba su tsira ba. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a ƙarƙashin bishiyoyin da ke kusa da asibitin soja na 37 ya san aikin jemagu. Kashin jemage da na tsuntsu suna da tsami mai cin fenti, in rana ta gasa su a jiki cikin 'yan awoyi suna iya barin tabon da wanki ba ya fitarwa. Danƙon mangwaro da 'ya'yan dogon yaro ma haka. A nan kam abin shafawa yana da amfani, don yana ba ka ɗan lokaci kafin ɓarna ta isa ga kiliya. Amma maganin da ya fi shi ne gorar ruwa da tawul mai laushi a cikin but: ka jiƙa wurin, ka jira ya yi laushi, ka ɗauke ba tare da gurzawa ba.

Masu arahar

A kasuwar Abossey Okai da manyan shaguna za ka tarar da wani rukuni na man kariya da ba daga bishiya aka samo shi ba, a ɗakin haɗa sinadarai aka ƙirƙire shi. Sinadaransa suna kama jikin kiliya su riƙe, maimakon su kwanta a kai kawai, shi ya sa suka fi jure zafi da sabulu. Yawanci suna yin wata huɗu zuwa shida. Kamfanin Soft99 na Japan yana da Fusso Coat da aka rubuta wata 12 a jikin gwangwaninsa. Collinite 845 na Amurka, wanda haɗi ne na karnuba da sinadarai, asalinsa don kamfanonin wutar lantarki aka yi shi su riƙa shafa wa kayan aikinsu da ke wuni a rana da ruwa, daga baya masu mota suka gano shi. Turtle Wax da Meguiar's kuma suna da na feshi masu ɗauke da sinadarin silika, wanda za ka fesa bayan wanki ka goge cikin minti ashirin. Dukansu farashinsu ɗan kaso ne na gwangwanin ƙanena.

Watannin da ake rubutawa a jikin kwalba ba da ranarmu aka auna su ba. Ni dai ƙa'idata ita ce in raba adadin gida biyu, in ya wuce haka riba ce. Ko da hakan, lissafin a bayyane yake. Mu ƙaddara kakin karnuba yana yi maka sati shida. A shekara za ka shafa sau takwas ko tara, kowane shafi da wankinsa wajen awa biyu, ke nan awa goma sha shida zuwa sha takwas. Ga direban Bolt ko Uber da ke biyan mai mota duk sati, wannan kwana biyu ne na aiki. Na sinadari kuwa sau uku ko huɗu a shekara ya wadatar. Kuma mu faɗi gaskiya, wa zai jure shafi tara a shekara? Sau biyu za a yi da zafin sabon abu, daga nan gwangwani ya koma cikin durowa, mota ta ci gaba da yawo tsirara. Abin da ake iya maimaitawa ba tare da gajiya ba shi ne ke zama a jikin mota.

To ina kyau? A nan karnuba yana da abin faɗa. A kan baƙi, ja mai duhu da shuɗi mai duhu yana ba da wani zurfi mai ɗumi, na sinadari kuwa sheƙinsa kamar na gilas ne, mai kaifi. Mai ido yana iya bambancewa in an jera motocin biyu. A kan fara ko mai ruwan azurfa, ni ban taɓa ganin wanda ya iya ba. Kuma akasarin sheƙin da ake yabawa daga shirin da aka yi kafin shafi yake fitowa, wato wanki mai kyau da share karce. Ƙanena ya yi awa uku yana tsabtace motarsa kafin ya buɗe gwangwanin, da man araha ya shafa a ranar ma da an waiwaya.

Mai shakka yana iya gwadawa da kansa, ba sai ya yarda da ni ko da mai shago ba. Ka wanke bonet, ka raba shi biyu da salatif na takarda, ka shafa ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka cire salatif ɗin. Duk sati bayan wanki ka watsa ruwa ka ga ɓangaren da ruwa ke gudu da wanda yake kwanciya. Cikin wata biyu motarka za ta ba ka amsa, a unguwarku, da irin ruwanku.

Wani abin lura: jabu ya yi yawa a wannan fanni. Kwalba mai suna babba da farashin da ya yi araha fiye da hankali, ko wadda rubutunta ya dusashe, ko murfinta ba a liƙe ba, a bar ta. Ko ta gaske ce, in ta shekara a kan tebur a rana ta riga ta gaji.

Seramik da leda

Yanzu kusan kowane babban wurin wanki a Ankara da Kumasi ya rataya allon seramik. Na gaskiyar wani ruwa ne da ke zuwa a 'yar kwalba mai mililita 30 zuwa 50, ana ɗiga shi a ɗan ƙyalle a shafa, ya bushe ya zama siririn ɓawo mai tauri a kan kiliya. In an yi shi daidai yana yin shekara biyu ko fiye, kuma sabulu da rana ba sa cin sa da wuri. Ga motar da ke kwana a waje, shi ya fi kowane kaki.

Amma kuɗinsa na aiki ne fiye da na kwalba. Dole a wanke motar, a cire duk ƙwayoyin da suka maƙale, a share karce da inji, a goge maiƙo, sannan a shafa a cikin ɗaki marar ƙura, a hana ruwa taɓa ta aƙalla kwana ɗaya. Duk wani karce da aka bari, an rufe shi ke nan a ƙarƙashin ɓawon. Wanda ya ce zai yi maka seramik a bakin titi, a cikin hunturu, cikin awa ɗaya, na feshi zai fesa maka ya karɓi kuɗin na gaske. Ka nemi ganin kwalbar a rufe kafin a fara, ka kuma ga ɗakin da za a yi aikin.

Za ka ga an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, wani ma ya ce maka saura kaɗan ya kai lu'ulu'u tauri. Wannan ma'aunin fensir ne, ana nufin fensir mai taurin 9H bai karce shi ba a gwaji. Ma'aunin duwatsu daban yake, inda lu'ulu'u ke kan 10, yashi kuma kan 7. Yashin dastarka zai karce seramik kamar yadda yake karce kiliya, sai dai da ɗan sauƙi. Kuma yana da lagonsa, wato ɗigon ruwa. A wasu unguwannin bakin teku ruwan bohol yana da gishiri-gishiri, in aka wanke mota da shi aka bar ta ta bushe a rana, fararen zobba za su fito su kafe a jiki.

Abu ɗaya ne kawai ke tare tsakuwa, wato ledar kariya mai haske da ake liƙawa a jikin mota, mai kaurin wajen maikiron 200, ninki huɗu ko fiye na kiliya. Tsadarta ba ta wasa ba ce. Amma mai sabuwar mota da ke yawan bin hanyar Kumasi zuwa Tamale a bayan manyan motoci, in ya liƙa ta a bamba, gaban bonet da bayan madubai kawai, kuɗinsa ba su tafi a banza ba.

Motar da aka riga aka fesa

Akwai wani abu da bidiyoyin Turawa ba sa la'akari da shi. Motocinmu da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke zuwa, da bugu a gaba ko a gefe, a miƙe su a Kokompe ko Suame Magazine a fesa. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da irin waɗannan motoci da waɗanda suka haura shekara goma, amma aka jingine aiwatar da ita. Ma'ana, mota ɗaya tana iya ɗauke da fenti iri biyu, na kamfani a baya, na gida a gaba.

Na kai wannan magana wurin wani dattijo mai feshi da na daɗe da sani. Na ce, "Masta, wane wakis ne ya fi tsare fenti?" Ya yi dariya ya ce in fara tambayar wace kiliya aka fesa tukuna. In mai mota ya matsa a rage kuɗi aka sa mai araha, ko aka tsinka ta da yawa don ta isa, rana za ta kashe ta ko da me aka rufe ta. Gara mutum ya ƙara kuɗin a kan kiliya mai kyau ranar feshi da ya zo daga baya yana neman gwangwanin da zai yi masa ceto.

Ya kuma ja kunne a kan abu biyu. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da ruwan narkarwarsa bayan ya bushe a ido, shi ya sa masu yin fenti ke cewa a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da kaki ko makamancinsa. Mutanenmu kuwa daga wurin feshi sai wurin folish. Na biyu, yawancin man sheƙi suna da silikon, wanda in bai fita sarai ba yakan sa sabon fenti ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi. In za ka kai mota feshi, ka faɗa wa mai aikin abin da ka saba shafa mata.

Tsofaffin motoci da tasi da yawa kuma ba su da kiliya sam, launi da sheƙi a haɗe aka fesa su. Gane su ba wuya: ka ɗan goga folish da farin ƙyalle a wani lungu, in launi ya biyo ƙyallen to irinsu ce. Waɗannan su ne ke yin gari-gari in rana ta dafa su, kuma su ne suka fi nuna godiya in an share su an shafa musu ko da kaki mafi araha ne.

Masu zama Tema, Teshie da Takoradi su tuna cewa tsatsar iskar teku daga ƙasa da cikin lunguna take farawa, inda babu mai shafa komai. Haka motar da ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Wankin ƙarƙashin mota da ruwa mai daɗi lokaci-lokaci ya fi mata amfani da duk abin da za a shafa a sama.

To wa ya kamata ya sayi mai tsadar? Wanda ke da gareji mai rufi, da mota mai duhun launi da ba kullum take fita ba, wanda kuma shafin kansa yana ba shi nishaɗi. Wannan sha'awa ce kamar ta mai kiwon doki ko tattabaru, ba mai ce masa don me. Amma in mota ɗaya gare ka, da ita kake kai yara makaranta kake neman abinci, kuɗin nan suna da wuraren zuwa da suka fi: shamfu na mota, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, tawul na maikirofaiba guda huɗu ko biyar, da kwalbar feshi ɗaya. A fara watsa ruwa ya sauke ƙura kafin hannu ya taɓa jiki, a yi wankin a inuwa, a tsane kafin ya bushe. Tampol ɗin rufe mota ma sai a kan mota mai tsabta, in ba haka ba iska za ta riƙa goga shi a kan ƙura dare ɗaya cur.

Ƙanena dai ya samu kafinta ya kafa masa 'yar rumfar kwano a ƙofar gida, bayan doguwar muhawara da mai gidan haya. Yanzu da kansa yake zuwa wurin wanki da robar shamfunsa da tawul ɗinsa a leda, ya zauna a benci yana kallo. Yaran sun sa masa suna Alaji Kar-a-sa-omo. Gwangwanin Bronx yana nan a durowa, bai ci ko kashi ɗaya cikin goma ba, ya ce sai jajibirin Sallah ko in an roƙe shi ɗaukar amarya. Layukan gizo-gizon da dasta ta riga ta yi a watannin farko suna nan a kan but, mai feshi ya ce a bar su tukuna har sai an tashi sayarwa.